Ɓerayena da Ƙirjin Baba

Daminar da aka katse layin waya a Birnin Gwari ina Zariya, ina karatun digiri na biyu a fannin magunguna. Duniyata duk ta koma wani ɗaki mai zarnin fitsari a bayan sashenmu, inda nake kiwon ɓeraye. Farare ne masu jajayen idanu, ba irin na rumbu ba. Ni da hannuna na yi musu allurar da ta sa musu ciwon suga. Tun daga nan suka koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, suna jiƙe dusar katakon da ke ƙasan keji, gashinsu ya yi cirko-cirko, suna ci suna ramewa.

Abin da nake nema a jikinsu ba shi da wuyar faɗi. Akwai maganin da ake ba masu ciwon ƙirji, waɗanda jijiyoyin zuciyarsu suka tsuke. Naitiret muke ce masa. Yana buɗe jijiya, jini ya wuce, ciwo ya lafa. Amma yana da wani hali: in aka dimanci shansa ba hutu, sai jiki ya saba da shi, ya daina jin maganarsa. Malamin da ke duba aikina yana so mu gani ko maganin rage kitsen jini zai hana jijiyar ɓera mai suga yin wannan kunnen ƙashi. Wasu ɓerayen ina ba su naitiret kaɗai, wasu ina haɗa musu da maganin kitsen. In lokaci ya yi, a kashe ɓera, a ciro babbar jijiyarsa, a yanka ta kamar ƙananan zobba, a rataya cikin ruwa mai ɗumi, a ɗiga magani, a zuba wa allon kwamfuta ido. In jijiyar ta saki, layin da ke kan allon ya gangaro. In ta riga ta saba, ya tsaya ƙiƙam.

Babana manomi ne. Gidanmu yana cikin gari, gonarsa tana can hanyar Dogon Dawa, amma tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin ya daina zuwa. Yana da suga, yana kuma da ciwon ƙirji. Ba don shi na ɗauki aikin ba, malami ne ya ba ni. Sai dai duk sanda na buɗe kwalbar naitiret nakan tuna shi.

Kafin a katse layi nakan ji muryarsa a kai a kai. Da aka katse, wai don a hana mutanen daji magana da masu kai musu labari, sai garinmu ya zama kamar ya faɗa rijiya. Na rage sauraron rediyo, don duk sanda aka ambaci sunan garin ba alheri ake faɗa ba.

Wata safiya ina auna ɓera a sikeli wayata ta yi ƙara. Yayana ne, babban ɗan Baba, mai sayar da hatsi. Na ji hayaniyar motoci a bayansa.

"Ki saurara da kyau, a Funtuwa nake, na fito ne don in samu sabis. Baba ba lafiya."

"Suga ne?"

"Ƙirjin ne. Ƙwayar nan da yake sawa ƙarƙashin harshe ta daina ci. Da, kafin ka gama alwala ya dawo daidai. Yanzu sai ya sa ɗaya, ya ƙara ɗaya, yana nan riƙe da ƙirji. Ki sayo wadda ta fi ƙarfi ki ba direba ya kawo."

"Yaya, babu wadda ta fi ƙarfi."

"To ki nemo. Ba aikinku ba ne?"

Na ce zan zo da kaina. Ya ce, "Kada ki zo. Hanyar ba kyau. Inna ma ta ce kada ki zo." Kafin in ba shi amsa ya ce motarsu za ta tashi, ya kashe.

Na tsaya da ɓeran a hannu har ya cije ni ta cikin safar roba.

Malamina bai so ba. Lokacin ciro jijiyoyin ya kusa, in ya wuce aikin wata da watanni ya tashi a banza. Ya cire tabarau ya murza ido, ya tambaye ni wane irin magani Baba ke sha. Na lissafa masa. Ya ce, "Kin san abin da nake zato, ke ma shi kike zato. Je ki. Amma ki tuna ke ba likitarsa ba ce. Ki kai shi gaban likita, kada ki taɓa masa magani ke kaɗai." Na bar wa wata abokiyar karatuna amanar kejin, na biya kemis na sayi sabuwar kwalbar naitiret ta ƙarƙashin harshe da maganin kitse, na ƙulle su a gefen mayafina.

A Funtuwa ba a shiga hanyar Birnin Gwari sai an tara motoci sojoji sun yi rakiya. Muka yi ta jira a rana. Motarmu ƙarama ce, an cusa mu kamar buhuna. Kusa da ni wata mata ce 'yar Gbagyi, za ta koma wajen 'ya'yanta bayan ta kai mijinta asibiti. Da ayarin ya tashi direba ya kashe rediyo, ya sauke gilasai, ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya.

Na san hanyar tun ina ƙarama, amma ban gane ta ba. Ciyawa ta fi tsayin mota, ta rufo kwalta daga gefe da gefe. Ƙauyukan da muke tsayawa sayen gasasshiyar masara duk babu kowa, an kwashe rufin kwano, kabewa ta haye katanga. Ramuka kuma ba sa barin a yi gudu, kuma kowa ya san a wajen rami ake tare mota.

Mun wuce Dogon Dawa da kaɗan sai motar gabanmu ta ci burki. Direbanmu ya taka nasa har goshina ya bugi kujera. Daga can gaba aka ji harbi, tau, tau, sannan a jere.

"Ku sunkuya!" in ji direba.

Ya juya kan motar rabi, ya bar injin a kunne, ƙafarsa a kan totur. Matar nan ta damƙe wuyan hannuna tana addu'a da yarensu, ni ina ta maimaita hasbunallahu, kawunanmu a haɗe a bayan kujera. Ina jin warin man gashinta. Abin da ya zo mini a rai ba mutuwa ba ce. Cewa na yi, in aka shiga da ni daji, kwalbar nan ba za ta isa gida ba.

Da harbin ya lafa na ɗaga kai kaɗan. Can nesa garken shanu ne ke tsallaka kwalta da gudu, ba makiyayi a gabansu, sai wasu mutane a kan babura suna kora su cikin daji. Wani dattijon Bafulatani da ke kujerar gaba a motarmu ya bi su da kallo har suka ɓace. Ya ce, "Na wani bawan Allah ne."

Soja ya zo yana buga bayan motoci, a tafi, a tafi. Muka wuce wata mota a gefen hanya, ƙofofinta duk a buɗe, buhun barkono ya fashe a ƙasa. Muka ci gaba da tafiya har muka ga gidajen farko na gari. Sai a tasha matar ta saki hannuna. Shatin yatsunta ya kwana a jikina.

Na tarar da Baba a zaure, a kan buzu, ya jingina da bango. Ya faɗa ƙwarai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, wa ya ce ki zo?"

"Ba kowa, Baba."

"Ta Funtuwa?"

"Ta Funtuwa."

Ya rufe ido yana girgiza kai. Inna ta fito, ta gan ni, ta dafa ƙofa. Faɗan da ta shirya yi mini bai fito ba, sai ta ce in shiga in sha ruwa.

Ban sha ba. Na ce a kawo mini magungunansa. A cikin gwangwanin madara suke, na zazzage su a tabarma. Na suga yana nan daidai. Na ɗauki katin naitiret na haɗiya, wanda ake sha don kare ciwon kafin ya zo. Likitan da ya rubuta masa ya ce da safe da kuma rana. Katunan da babu komai a ciki sun fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba.

"Baba, yaya kake shan wannan?"

"Bayan kowace salla."

"Kowace?"

"Har in na tashi nafila ina ƙarawa."

Inna ce ta ba ni labarin. A farkon damina ya je wata 'yar gona ta aro a bayan gari, sai aka ce ga 'yan bindiga nan. Kowa ya zubar da fartanya. Baba ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi, ya faɗi a bakin rafi ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Maƙwabta suka ɗauko shi. Tun ranar ya ce ba zai ƙara bari ciwon ya same shi ba shiri ba, ya riƙa aikawa kemis ana sayo masa ƙari.

"Kuma ya karɓe ni," in ji Baba. "Da, in na sha, kaina ya dinga sarawa ke nan. Yanzu ko gezau."

Sarawar kan nan ita ce alamar maganin yana buɗe jijiya. Abin da yake murna da shi, shi ne shaidar jikinsa ya daina ji.

Maganin kitse kuwa ko ɓalle shi ba a yi ba. Na ɗaga masa kwalin.

Ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtsensa, fata da ƙashi. "Dube ni. Ina kitsen yake? Wannan na masu tumbi ne. Na sha na sha ban ji ya yi mini komai ba, na bari."

Na ce ya nuna mini ta ƙarƙashin harshen. Ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da 'yar takarda a nannaɗe. Ya ce kwalbar tana da wuyar buɗewa in ciwo ya zo. Ƙwayoyin sun sha zufa da zafin jiki, sun fara zama gari. Wannan magani ba ya son iska, ba ya son zafi. Ko a lafiyayyar jijiya ban tabbata za su yi wani abu ba.

Na gyara zama na fara yi masa bayani. Na ce maganin kamar mai kiran salla ne a ƙofar ɗakinka, in yana kira dare da rana ba tsayawa, wata rana za ka yi barcinka yana yi. Dole a ba jiki wasu sa'o'i babu shi. Na ce kitsen da ake nufi a cikin jini yake, ba a tumbi ba, kuma mai suga yana buƙatar maganin ko da ya rame kamar kara. Da na ga yana saurare sai na zarce, na ce abin da nake dubawa a makaranta ke nan, ko maganin kitsen yana taimaka wa jijiya ta ci gaba da jin naitiret, kuma a jikin ɓeraye masu suga nake gwadawa.

"A jikin me?"

"Ɓeraye, Baba."

Ya dubi Inna, ya dube ni. "Wato duk zaman nan da kike a Zariya ɓera kike kiwo?"

"Ba irin na gida ba ne."

"Ni na ƙarar da ƙuruciyata ina kashe su a rumbu, ke kina can kina ba su magani." Muryarsa ta fara hawa. "Yanzu kuma kin ratso daji kin zo ki raba ni da abin da ke tsakanina da kabari, saboda ɓera ya gaya miki?"

"Malam," in ji Inna.

"Bar ni! Ita ta san yadda abin yake? In ya kama ni, ita za ta ji?"

Ya dafe ƙirji. Muka tsaya muna kallon yadda yake jan numfashi ta baki, har ya sassauta.

Washegari Yaya ya samo keke mai ƙafa uku, da yake an hana hawa babur a lokacin, muka kai shi asibiti. Likita ɗaya ne ya rage a wurin, ba ɗan yankinmu ba ne, Hausarsa tana ɗingishi, idanunsa jawur don rashin barci. Ya saurari ƙirjin Baba, ya auna jini, ya dubi katunan da na zo da su. Ya ce a koma safe da rana, daga la'asar zuwa wayewar gari babu. Ya ƙara masa wata ƙwaya mai rage wa zuciya gudu, ya ce maganin kitse kullum da yamma. Ta ƙarƙashin harshe kuma ta zauna a kwalbarta, in ciwo ya zo ya zauna tukuna ya sa, in bai lafa ba a kawo shi da gaggawa. Ya ce gaskiya Kaduna ya kamata a kai shi, amma ba zai ce a bi hanyar nan da mai irin wannan zuciya ba.

Na ɗan gaya masa aikina. Ya yi murmushin gajiya.

"Ɓera ba mutum ba ne, 'yar'uwa. Amma maganin kitse, da ɓera da babu ɓera, dole Baba ya sha." Ya juya wajen Baba. "Baba, kwanakin farko za ka ji wuya. Ka daure."

Baba ya ce to. Likita namiji ne, kuma ba shi ya haife shi ba.

Wuyar ta zo kamar yadda aka faɗa. Inna ta karɓe gwangwanin ta kulle a akwatinta. Da asuba, lokacin da maganin ya gama fita daga jikinsa, Baba yakan tsaya a tsakiyar alwala, buta a hannu, yana jiran ƙirjinsa ya sake shi. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki da kwalba a tafin hannuna, yana ganina, ba ya kallona. Ya daina ce mini Uwata. In yana son abu sai ya ce wa Inna, "Gaya wa mai ɓeraye."

Ni kuma tsoro ya hana ni cin abinci. A makaranta in layi bai gangaro ba, sai in wanke jijiyar in sake gwadawa, ko in ɗauko wata. Nan babu wata. In wani abu ya same shi a cikin sa'o'in da babu magani, duk gidan sun san wa ya kawo maganar. Yaya ya ja ni gefe wata rana a bakin rijiya.

"Kin tabbata da abin nan?"

"Likita ma ya faɗa."

"Ba likita na tambaya ba. Ke na tambaya."

Na ce na tabbata da abin da aka koya mini. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ran kasuwa, da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gida Inna tana gyaran kuɓewa, sai muka ji gari ya ɗauki wani irin sauti, kamar ruwa na tahowa daga nesa. Ƙafafu ne. Sannan ihu. Sannan harbi, daga wajen gari, amma ba nisa sosai.

Mata suka fara afkowa zaurenmu da yara a hannu, wata ba ɗankwali, wata da tiren gyaɗa har yanzu a ka. "Sun shigo! Suna bakin kasuwa!" Wata ta ce a'a, a gonaki suke. Ba wanda ya san gaskiya.

Yaya yana kasuwa.

Kafin in ankara Baba ya miƙe daga buzu, ya ture matan, ya nufi ƙofa yana kiran ɗansa, kamar zai ji shi daga nan. Na bi shi da gudu. Ya fita ƙofar gida ya yi taku kaɗan cikin masu gudu, sai ya tsaya. Hannunsa na dama ya kama kafaɗar hagu. Ya durƙushe a ƙasa.

Ni da wata mata muka ja shi muka zaunar da shi a dakalin ƙofar gida. Zufa ta keto masa kamar an watsa ruwa, leɓɓansa sun yi toka-toka. Yana buɗe baki ba magana. Kwalbar tana ƙulle a bakin zanena, kuma ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori. Murfin ya zame mini. Da ya buɗu na zazzago ɗaya a hannu.

"Baba, ɗaga harshe. Ɗaga. Kada ka haɗiye."

Na sa masa. Na riƙe wuyan hannunsa, jijiyar tana bugu sirara-sirara da sauri. Inna ta durƙusa a ɗaya gefen tana tofa masa addu'a. Mutane suna wucewa a guje, wani ya yi tuntuɓe da ƙafata bai waiwayo ba. Aka sake yin harbi. Asibiti yana can ɓangaren da ake harbin, babu keke, babu babur, babu waya. In wannan ba ta ci ba, ina da ta biyu, bayan ta biyu ba ni da komai.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na zuba wa fuskarsa ido. Idanunsa a rufe, haƙoransa a cije. Na fara zazzago ta biyu.

Sai ya yamutsa fuska, ya saki kafaɗar, ya kai hannu goshi.

"Kaina," ya ce. "Wash, kaina."

Ya ja numfashi har ƙasan ciki, ya sauke. Ya sake ja. Na ga kafaɗunsa sun sauko. Ban san ina kuka ba sai da Inna ta ce in share fuska, yara na kallo.

Muka shigar da shi zaure, muka sa sakata. Harbin ya yi ta nisa har ya ɗauke. Wajen azahar aka buga ƙofa, Yaya ne, ba takalmi, rigarsa a yage wajen tsallake katanga. Ba su shigo kasuwar ba. Shanu suka kora a bayan gari, suka tafi da wasu da suka tarar a gona. Cikinsu har da mijin matar da ta taya ni jan Baba. Tana zaune a zaurenmu aka zo aka gaya mata.

Da yamma muka mayar da Baba asibiti, likita ya duba shi, ya ce a ci gaba yadda ake. Muka dawo gida. Bayan magariba, ina miƙa masa maganin kitse da kofin ruwa, ya karɓa ya haɗiye ba gardama, ya riƙe kofin.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Su ɓerayen naki, in kin gama da su, me ake yi musu?"

"Kashe su ake yi. Sai an ciro jijiyar ake ganin abin da ake nema."

"Bayan kin sa musu ciwo."

"E."

Ya dubi ruwan da ya rage a kofin. "To ki riƙa ba su abinci mai kyau kafin nan," ya ce, ya miƙo mini.

Na ƙara kwanaki har na ga asubarsa ta yi sauƙi, sannan na bi wani ayarin na koma. Na tarar lokacin ciro jijiyoyin ya wuce, wasu ɓerayen ma suga ya kashe su duk da ƙoƙarin abokiyata. Na sake sabon zubi daga farko. Da na zo ƙarshe, jijiyoyin waɗanda na haɗa wa maganin kitse sun fi sakin jiki in an ɗiga naitiret, layinsu ya fi gangarowa. Na rubuta abin da na gani, malamina ya soke duk inda na yi zumuɗi. Game da Baba kuwa, har yau ban san me ya cece shi a dakalin nan ba: hutun da aka ba jikinsa, ko sabuwar kwalba, ko ƙwayar da likita ya ƙara, ko maganin kitsen da bai daɗe da komawa sha ba. Duk a lokaci guda aka yi su, kuma ba zan so a sake gwadawa don in sani ba.

Sai da rani, da ciyawa ta bushe ana hango nesa, Yaya ya kawo shi Kaduna. Na zo daga Zariya na same su. Likitan zuciya ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya ɗora shi kan injin da ake tafiya a kai. Baba ya riƙe ƙarfen da hannu biyu yana takawa, yana kallon bango. Can ya ce, "Likita, wannan wace irin tafiya ce, ana ta yi ba a zuwa ko'ina?" Likitan ya yi dariya har ya kusa manta tsayar da injin. Ya ce akwai jijiyar da ta tsuke ƙwarai, amma a wannan shekaru da wannan suga gara a zauna kan magani, a riƙa zuwa ana dubawa.

Na so ya kwana a gidan wata 'yar'uwarmu ya huta. Ya ce shi ba ya iya barci a garin da bai san alƙibla ba, kuma Inna tana can ita kaɗai. Muka raka shi tasha da wuri don ya samu ayarin ranar. Ya shiga baya, ya zauna a tsakiya, Yaya a gefensa ta wajen taga. Na tsaya har motocin suka jeru suka tashi, sannan na tsallaka titi na nemi motar Zariya.